In Jan Biro Ya Yanke Hukunci, Akwai Ɗaukaka Ƙara? Tsokaci a Kan Faɗuwa Jarrabawar Rubutun Jamusanci

Akwai wata irin faɗuwa a jarrabawa wadda ta fi sauran ciwo, ita ce ta mutumin da ya haye ko'ina sai wuri ɗaya, kuma a wurin nan ɗaya ma abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Masu koyon Jamusanci sun san irin wannan faɗuwa sarai. A ce mutum ya zauna jarrabawar Cibiyar Goethe, ya ci ɓangaren karatu, ya ci na saurare, ya ci na magana, sai sakamako ya fito a ga rubutu ya ba shi 57 cikin 100, alhali kuwa 60 ake nema. Maki uku kacal! Daga nan sai zuciya ta shiga saƙe-saƙe: ya haƙura ya sake biyan kuɗi ya koma aji, ko kuwa ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa masu jarrabawar cewa bai yarda ba? Wannan tambaya ce muke so mu ɗan tattauna da mai karatu, domin mu malaman makaranta jan biro sana'armu ce, mun kuma san abin da ke bayansa, mun san inda yake da ƙarfi da inda yake rawa.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata a san abin da ke rataye a wuyan waɗannan maki uku. A shekarar 2001 majalisar nan ta ƙasashen Turai mai mazauni a Strasbourg ta fitar da wani ma'auni na bai ɗaya don auna iya harshe, mai hawa shida, daga A1 na ɗan koyo har zuwa C2 na gwani. Jamus ta rungumi ma'aunin nan ta ɗaura shi a ƙofofinta. Tun daga 2007, wanda zai bi mijinta ko matarsa zuwa can, in ba yana cikin waɗanda aka keɓe ba, sai ya nuna shaidar A1 kafin a ba shi biza. Mai neman zama ɗan ƙasa B1 ake nema a wurinsa. Ma'aikaciyar jinya da ta yi karatu a waje, galibi sai ta kawo B2 kafin a amince da takardunta. Jami'o'i kuwa suna da nasu sharuɗɗan, kamar jarrabawar TestDaF, wadda yawanci suke son a kai mataki na 4 a dukkan ɓangarorinta huɗu. To, ka ga ke nan takardar ba ta ado ba ce. Aure na iya jiranta, aiki na iya jiranta, gurbin karatu na iya wucewa saboda ita. Matasanmu da ke niƙar gari su tafi Legas don zama wannan jarrabawa ba su buƙatar a yi musu dogon bayani.

Bari mu ɗauki matakin B1 na Cibiyar Goethe mu duba cikinsa, tun da shi ne aka fi tururuwa a kai. Tun 2013 aka raba jarrabawar gida huɗu masu cin gashin kansu, kowane da makinsa 100, kowane kuma sai an sami 60. A ɓangaren rubutu ana ba da minti 60 don ayyuka uku: wasiƙa zuwa ga aboki mai kalmomi wajen 80, bayyana ra'ayi a kan wani batu shi ma wajen kalmomi 80, sai gajeriyar wasiƙa ta girmamawa mai kalmomi wajen 40. Na farko da na biyu maki 40 kowanne, na uku maki 20. Masu duba takardar suna auna abu huɗu: ko an cika abin da aka tambaya, ko zancen ya haɗu da juna yana bin tsari, yalwar kalmomi da dacewarsu, sa'annan nahawu da ƙa'idojin rubutu. Duk wanda ya taɓa zuwa aikin duba takardun Ingilishi na jarrabawar kammala sakandare zai ga abin bai yi masa baƙo ba, don mu ma da irin waɗannan ma'aunai muke aiki.

Me ya sa rigimar ta fi tashi a kan rubutu? Dalili a fili yake. A karatu da saurare amsa ɗaya ce daidai, an tanade ta tun kafin a shiga ɗaki, mai jarrabawa ya zaɓa ko ya kuskure, ba wanda zai yi masa alfarma ko mugunta. A magana kuwa mutum yana nan da ransa. In harshensa ya sarƙe zai gyara, in ba a gane ba zai sake, fuska da hannu su taya baki. Amma rubutu maraya ne. Tun zamanin Girkawan da, Aflatun ya lura da cewa rubutacciyar magana ba ta iya kare kanta in an yi mata mummunar fahimta, sai dai in mai ita ya zo ya tsaya mata. Takardar jarrabawa takan tafi gaban alƙali ita kaɗai, mai ita yana can gida yana lissafin kwanaki, kuma abin da zai dawo masa lamba ce tsirara, ba bayani.

Shi kuwa alƙalin nan ɗan Adam ne. Wannan ba zargi ba ne, abu ne da aka gwada aka gani tun fiye da shekara ɗari. A 1912 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka kwafi takardun Ingilishi na ɗalibai biyu suka aika wa makarantu, malamai 142 suka duba suka mayar. Takarda guda ta sami maki daga 64 har zuwa 98, ɗayar daga 50 zuwa 97. Da aka ce ai insha'i ne, dole ra'ayi ya shiga, sai suka sake gwajin da takardar lissafi, tazarar ma ta fi ta farko faɗi. A 1961 kuma Paul Diederich da abokan aikinsa suka ba mutum 53, cikinsu har da malamai da lauyoyi da editoci da 'yan kasuwa, insha'i 300 su jera su a matakai tara. Kashi 94 cikin ɗari na takardun sun sami maki iri bakwai ko takwas ko tara mabambanta, kuma babu takarda ko ɗaya da ta sami ƙasa da iri biyar. Kada a ce wannan labarin Ingilishi ne kawai. Thomas Eckes, wanda ya yi nazari a kan masu duba rubutun TestDaF ita kanta, ya nuna a 2008 cewa ko ƙwararrun da aka horar sun kasu iri-iri: wani nahawu ne ke cika masa ido, wani tsarin zance, wani kuma yadda rubutun ke gudana. Kowa da inda idonsa ke fara sauka.

Masu shirya jarrabawar ba su jahilci wannan ba, kuma adalci ne a faɗi abin da suka tanada. A Cibiyar Goethe mutum biyu ne ke duba kowace takardar rubutu, kowa a keɓe, sai a haɗa makinsu a raba biyu. Idan ɗaya ya ɗora ta ɗaya ya kayar, kuma tsakaicin ya faɗo ƙasa da 60, sai a kira na uku. Masu TestDaF kuwa suna amfani da lissafi su auna tsananin kowane mai dubawa da sassaucinsa, su daidaita makin, don kada rabon ɗalibi ya dogara da hannun da takardarsa ta faɗa. Waɗannan matakai suna rage ɓarna ƙwarai. Sai dai ragewa daban, kawarwa daban. Mutum biyu da aka horar a ɗaki ɗaya suna iya yin kuskure iri ɗaya, kuma a kusa da layin nan na 60, ɗan bambancin da ba ya nufin komai wajen iya harshe shi ne ke nufin komai wajen rayuwa. Ba wanda zai dube mu ya ce mai 59 da mai 60 sun bambanta a Jamusanci. Amma ɗaya zai hau jirgi, ɗaya zai koma tasha.

Idan haka ne, ashe ƙorafi yana da gindin zama. To amma ga inda gizo ke saƙa, kuma a nan ne muke ganin ainihin wuyar al'amarin take. Wanda zai ja da hukuncin, da wane ido zai gane an yi masa kuskure? Abin da ake gardama a kai shi ne ko ya iya rubuta Jamusanci, shi kuwa ba shi da wani ma'auni sai wannan Jamusancin nasa da ake tuhuma. Kuskuren harshe yana da wata ɗabi'a: mai yin sa ba ya ganinsa, don da yana ganinsa da bai yi ba. Bahaushen da ya rubuta weil ich bin krank zai karanta jimlarsa sau goma ya ji ta daidai a kunnensa, domin tsarin da ya saba da shi ke nan, alhali ƙa'ida ta ce bayan weil aikatau yakan koma ƙarshen jimla, a ce weil ich krank bin. Haka jinsin kalmomi. Mu biyu muka sani, namiji da mace, su kuwa uku gare su. Wani lokaci a yi dace, rana mace ce a wurinsu kamar yadda take a wurinmu, wata kuma namiji. Amma yarinya, das Mädchen, ba ta cikin maza ba ta cikin mata. Ga kuma kowane suna sai an fara shi da babban baƙi ko a tsakiyar jimla yake. Mutum zai iya zubar da irin waɗannan kurakurai ashirin a shafi ɗaya ya fito yana murmushi.

Akwai kuma wata yaudara da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai ita. Ɗalibi yakan dawo gida ya zauna ya sake rubuta abin da yake zaton ya rubuta a ɗakin jarrabawa, ya kai wa malaminsa, ko a zamanin nan ya ba na'ura ta duba masa, a ce masa ai wannan ya wuce 60 nesa ba kusa ba. Sai ransa ya ƙara ɓaci, ya tabbata an cuce shi. Bai sani ba cewa takarda biyu ce daban. Wadda ya rubuta da agogo a kansa, hannu na rawa, minti biyar ya rage bai taɓa aiki na uku ba, ita ce aka duba. Wadda ya tuno a gida cikin natsuwa, ƙwaƙwalwa ta riga ta yi mata kwaskwarima ba da saninsa ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma shaidarsa ba ta karɓuwa.

Wani abin da ke yawan kayar da mutane, su kuma kasa yarda, shi ne haddace wasiƙu. Ɗalibi ya haddace kyawawan jimloli na buɗewa da rufewa, ya zuba su tsaf babu kuskure ko ɗaya, amma tambayar ta nemi abu uku, misali ya ba da labari, ya kawo dalili, ya ba da shawarar lokacin haɗuwa, shi kuwa biyu ya taɓa. Ko ya rubuta wa shugabar makaranta da du, wato kamar yaro ya ce wa dattijo kai a inda ake cewa ku, maimakon Sie na girmamawa. Mafi muni, ƙa'idar Goethe ta ce idan rubutu ya kauce wa batun gaba ɗaya, ko bai kai rabin adadin kalmomin da aka nema ba, to aikin nan duka sifiri ne, komai kyan nahawunsa. Wanda ya rasa maki 40 a wuri guda ta wannan hanya, sai ya cinye duk sauran ba ragi kafin ya taɓa 60. Irin wannan mutum zai rantse cewa Jamusancinsa ba shi da aibi, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ce, sai dai ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

To, shin wannan yana nufin ya yi shiru ke nan, tun da ba zai iya zama alƙali a shari'ar kansa ba? A ganinmu a'a. Abin da yake nufi shi ne a gyara abin da ake nema. Mai faɗuwa ba ya bin kowa bashin maki, domin maki ba gado ba ne. Bashin da yake bi shi ne na dalili. Duk wanda aka ba ikon rufe wa ɗan'uwansa ƙofa, amana aka ba shi, kuma alamar mai riƙon amana ita ce in an ce ya buɗe littafi ya buɗe ba tare da fushi ba. Hukuncin da ba ya iya faɗin dalilinsa, ko da daidai ne, ya bar wanda aka yanke wa cikin duhu, ba ya iya gane kuskurensa balle ya gyara, ba ya kuma iya gane kuskuren alƙali balle ya nuna. Rashin sani kuwa, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu. A cikin duhun nan ne zato ke haihuwa, har ka ji ana cewa ai da gangan suke kayar da mutane don a sake biyan kuɗi. Ba mu ga hujjar wannan magana ba, kuma ba ma goyon bayanta, amma mun san abin da ke ciyar da ita, mun kuma san maganinta: a nuna wa mutum takardarsa.

Jamusawa da kansu sun yi wannan muhawara a gaban kotu. Shekaru da dama kotunansu suna ɗaukar makin jarrabawa a matsayin hurumin mai dubawa, wanda alƙali ba ya shiga sai in an karya ƙa'ida a fili. Ranar 17 ga Afrilu, 1991, kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta rage wa wannan hurumi faɗi, a shari'o'in da suka shafi jarrabawar lauyoyi da ta likitoci. Ta ce a jarrabawar da ke buɗe ƙofar sana'a, amsar da za a iya karewa da hujjoji masu nauyi ba a yi mata jan biro don kawai mai dubawa yana da wani ra'ayi. Kamar yadda mai dubawa yake da filin hukunci, haka mai amsawa yake da filin amsa. Ta kuma ce dole a ba ɗalibi hanyar da zai kawo ƙorafinsa a sake nazari da gaske. Amma ta bar wa masu dubawa abin da ba mai iya karɓe musu, wato auna wuyar tambaya da nauyin kowane kuskure, abin da sai wanda ya ga ɗaruruwan takardu yake iya yi. Hukuncin nan a kan jarrabawowin hukuma aka yi shi, ba mu kawo shi don mu ce ya hau kan kowace cibiyar koyar da harshe kai tsaye ba. Mun kawo shi ne don ya raba abu biyu da masu ƙorafi ke yawan cakuɗawa: abin da ake iya nunawa da yatsa a ce ga shi, da abin da sai dai a yarda da idon gwani.

Haka nan shari'ar Peter Nowak, wani mai koyon aikin akanta a ƙasar Ailan, wanda ya faɗi wata jarrabawa sau huɗu, ya nemi a ba shi takardar amsarsa aka hana. Magana ta kai har kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg, wadda ta yanke hukunci ranar 20 ga Disamba, 2017, cewa amsoshin da ɗalibi ya rubuta, har da abin da mai dubawa ya rubuta a gefensu, bayanai ne da suka shafi ɗalibin, saboda haka dokar kare bayanan mutum ta hau kansu. Sai dai kotun ta yi hanzarin ƙarawa da cewa wannan ba ya ba kowa damar komawa ya gyara amsar da ya kuskure. A duba, a tabbatar takardarsa ce ba ta wani ba, ba a ɓatar da shafi ba, wannan haƙƙi ne. A sake rubuta tarihi kuwa, babu.

Ƙa'idojin Cibiyar Goethe ma a kan wannan turba suke. Wanda ya faɗi yana iya neman a nuna masa takardarsa a gaban ma'aikacin cibiyar, yana kuma iya shigar da ƙorafi a rubuce cikin mako biyu da fitowar sakamako. Amma an faɗa ƙarara cewa mutum ya ce kawai bai sami makin da yake so ba, wannan bai isa dalili ba. Wasu suna jin wannan sharaɗi kamar toshe baki. Mu kuwa muna ganin shi ne ya mai da ƙorafi abin girmamawa, domin ya raba mai cewa an ɓata mini rai da mai cewa an yi mini kuskure. Ɓacin rai gaskiya ne, amma ba hujja ba ne. Inda muke da ja da tsarin shi ne gajartar wa'adi ga wanda ke nesa. Mako biyu ga mazaunin Munik ba daidai yake da mako biyu ga wanda sai ya kwana a mota kafin ya isa cibiyar da ya yi jarrabawa ba, haƙƙin da kuwa sai mai kuɗin mota ke iya kaiwa gare shi, rabinsa ya zube a hanya.

Kada kuma mu manta da wani mutum na uku da ba a jin muryarsa a wannan shari'a. Ma'aikaciyar jinyar nan da ke neman B2, in ta isa asibiti a Hamburg ko Kolon, rubutu za ta riƙa yi: me majiyyaci ya ci, wane magani aka ba shi, ƙarfe nawa, me ya canza cikin dare. Wadda za ta karɓe ta da safe da wannan rubutu za ta yi aiki. Tsohon da ke kwance a gadon nan yana da haƙƙi a kan mai duba takarda, cewa kada tausayi ya sa ya ɗora wanda bai kai ba. Saboda haka in muna kira a saurari mai ƙorafi, ba muna kira a ji tausayinsa a ƙara masa maki uku ba ne. Tausayin da za a biya da lafiyar wani ba tausayi ba ne.

Akwai ma wani abin lura da ba a cika son faɗa ba. Kuskuren mai dubawa hanya biyu yake bi, yakan rage yakan kuma ƙara, amma ƙorafi hanya ɗaya yake bi. Ba a taɓa jin wanda ya sami 62 ya rubuta cewa a sake duba masa don yana zaton 58 ya cancanta ba. Laifi tudu ne. Wannan ba ya soke haƙƙin mai ƙorafi, sai dai yana ba shi wani ma'auni da zai gwada zuciyarsa da shi kafin ya aika wasiƙa: in aka sake dubawa aka ce 57 ɗin ma an yi masa sassauci, zai karɓa? In amsarsa i ce, to gaskiya yake nema. In kuwa ba zai yarda da kowane hukunci ba sai wanda ya ɗora shi, ai ya riga ya yanke wa kansa shari'a, sa hannu kawai yake nema.

Sai dai mu a nan, matsalarmu ba yawan ƙorafi ba ce, ƙarancinsa ne. An tashe mu a kan cewa ba a ja da malami, kuma kunya ado ce. Yaron da ya taso a haka, in ya girma ya tsaya gaban baƙuwar hukuma mai baƙon harshe, ko an ce masa ga ƙofar ƙorafi a buɗe, sai ya ga kamar rashin ladabi ne ya shiga. Yakan kira shirunsa haƙuri. Amma haƙuri na abin da ba shi da magani ne. Barin haƙƙin da aka rubuta maka a takarda saboda nauyin baki wani abu ne daban. Kuma in masu ƙarfin hali kaɗai ke tambaya, to su kaɗai za a riƙa gyara wa kuskure, masu kawaici su riƙa biyan kuɗin kuskuren wasu. Tambaya cikin ladabi ba ta rage wa malami komai. Mu da ke duba takardu tamanin a dare ɗaya mun san cewa ta farko da ta ƙarshe ba da ido ɗaya ake karanta su ba, kuma malamin da ya san haka ba ya jin haushin wanda ya ce a sake dubawa.

Ga wanda ya yanke shawarar ja, hanyar da muke ganin ta fi ita ce ya fara da neman ganin takardarsa tun ranar da sakamako ya fito, kada ya tsaya sai ransa ya huce wa'adi ya wuce. Kafin ya je ya karanta ma'aunan nan huɗu, waɗanda cibiyar ke wallafawa tare da samfurin jarrabawarta, don ya san abin da zai nema. In ya zauna gaban takardar ya fara da abin da ba ya buƙatar gwaninta: shafukan sun cika, an duba ayyukan uku duka, lissafin makin ya yi daidai? Sa'annan ya dubi inda aka fi zaftare masa. In an ce bai taɓa wani batu ba alhali ga shi a layi na shida, wannan abin nunawa ne da yatsa. In an ja wa wata kalma layi alhali ƙamus ya yarda da ita, shi ma haka. In kuwa abin da ya gani shi ne jan biro a kan aikatau bayan aikatau, kowanne kuma da gaskiyarsa, to tafiyar ba ta faɗi a banza ba, don ya ga abin da ba zai taɓa gani da kansa ba, kuma tun da jarrabawar gida huɗu ce, rubutun kaɗai zai sake, sauran ukun suna nan a hannunsa.

In ya sami abin kamawa, sai ya zauna ya rubuta wasiƙar, gajeriya, da lambar jarrabawarsa da ranar da ya yi ta, da aikin da yake magana a kai, da layin, da ma'aunin da yake ganin an saɓa. Ban da labarin kuɗin da ya kashe da auren da ke jira, don waɗannan ba su cikin abin da mai dubawa ke da ikon aunawa. Wanda ya yi jarrabawar a cikin Jamus, galibi da Jamusancin zai rubuta wasiƙar, ya buɗe da gaisuwar girmamawa, ya riƙe Sie daga farko har ƙarshe, ya tura kowane aikatau ƙarshen jimla bayan weil da dass, ya kuma ba wani wanda ya fi shi harshen ya karanta masa kafin ya aika.